Wuni a Layi, Kwana a Gindin Rediyo: Zaɓe a Zangunan Ankara

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, a nan birnin Accra, wanda mu mutanen zango muke ce wa Ankara tun kaka da kakanni, lokuta uku ne aka san unguwanninmu ba sa runtsawa. Akwai dararen goman ƙarshe na watan azumi. Akwai daren jajibirin sallah, lokacin da teloli da masu kitso da masu ƙunshi suke kwana a zaune. Sannan akwai daren 7 ga Disamba na shekarar zaɓe. Biyun farko kowace shekara suna zagayowa, na ukun kuwa sai bayan shekara huɗu. Amma idan ya zo, daga Nima zuwa Maamobi, har shataletalen Kwame Nkrumah da kowa ke kira Circle, da wuya ka sami gidan da aka kashe fitila kafin asuba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani giɓi da ya bayyana a zaɓen 2024. Da dare tituna sun cika maƙil kamar yadda aka saba. Amma da hukumar zaɓe ta fitar da alƙaluma, sai aka ga cewa cikin mutum fiye da miliyan 18 da suka yi rajista a ƙasar Gana, kimanin kashi 61 cikin 100 ne kaɗai suka jefa ƙuri'a, alhali a 2020 kusan kashi 79 ne suka fito. Wato cikin kowane mutum 10 masu katin zaɓe, 4 sun zauna gida. Babu mamaki da yawansu sun yi kwanan zaune tare da mu, suna jiran sakamakon abin da ba su sa hannu a cikinsa ba. To, ya kamata mu zauna a matsayinmu na iyali mu duba darajar wannan dare, da yadda aka yi muka same shi, da kuma haƙƙin da yake da shi a kanmu tun da rana.

DAGA ƘARFE BIYAR NA YAMMA

Ana buɗe rumfunan zaɓe da ƙarfe 7 na safe, a rufe da ƙarfe 5 na yamma, sai dai duk wanda lokacin ya riske shi a kan layi ana barinsa ya jefa tasa. A unguwanninmu layi yakan fara tun kafin kiran assalatu. Wani ya ajiye dutse, wata ta ajiye kujera 'yar tsugunno, su je su yi salla su dawo su tarar da gurbinsu yana nan. Masu koko da ƙosai da masu wake da shinkafa su ma sun san inda kasuwa ta koma a wannan rana. Circle kuwa, wurin da a kullum ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ihun yaran tirotiro da masu tallan waya, ranar nan sai ka same shi tsit, domin da yawa daga cikin masu nema a wurin sun riga sun hau mota sun tafi garuruwan da suka yi rajista.

Da an rufe, sai aikin da ya haifi wannan dare ya fara. Sashe na 49 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta a ƙidaya ƙuri'u nan take a rumfar da aka jefa su, a gaban wakilan 'yan takara, shugaban rumfa da wakilan su sa hannu, sannan a bayyana sakamakon a wurin kafin a kai shi ko'ina. Saboda haka sai a juye akwati a kan tebur, a ware takardu tari-tari, jami'i ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'ar da suka yi da'ira a bayan igiya suna amsa masa lamba bayan lamba, kai ka ce ɗaliban makarantar allo ne suke biya karatu. A Disamba rana tana faɗuwa a Ankara kafin ƙarfe 6, don haka yawanci ana ƙarasa ƙirgar ne da hasken fitila da tocilan wayoyi. Wasu su zame su yi magariba a masallacin kusa, su dawo su tambayi inda aka tsaya.

Daga rumfa, takardar sakamakon nan mai ruwan hoda tana tafiya cibiyar tattarawa ta mazaɓa, daga nan alƙaluman shugaban ƙasa su bi ta jiha, su ƙare a hedikwatar hukumar zaɓe da ke unguwar Ridge. Wannan tafiya takan ci kwana biyu ko uku, kuma ita ce take tsare mutane a zaune. Samari suna majalisunsu na bakin titi da suke kira bes, butar ataya tana kan gawayi, wani ya jawo talabijin waje. Dattawa suna kan benci a ƙofar masallaci, rediyo manne da kunne, suna juyawa daga tashoshin gida zuwa sashen Hausa na BBC ko na Jamus don su ji yadda duniya ke kallonmu. Iyayenmu mata suna tsakar gida, kowane yaro ya shigo a tambaye shi me aka ce. A kowace majalisa kuma ba a rasa mutum ɗaya mai littafi da biro, wanda yake rubuta mazaɓa bayan mazaɓa yana tarawa, har ya zama shi ne hukumar zaɓen lungun.

BA A KAN TITI MUKA TSINCE SHI BA

Yaran da suka tashi suka tarar da haka suna iya ɗauka haka abin yake tun fil'azal. A zaɓen shugaban ƙasa na 3 ga Nuwamba 1992, wanda Jerry John Rawlings ya lashe, akwatunan ba a ganin cikinsu, masu zaɓe kuma ba su da kati mai hoto. Jam'iyyun adawa suka ce an yi maguɗi, suka ƙaurace wa zaɓen majalisa da aka yi a watan Disamba na shekarar. Daga wannan rashin yarda ne gyara ya fito. A 1994 hukumar zaɓe ƙarƙashin Dokta Kwadwo Afari-Gyan ta kafa kwamitin tuntuɓa da jam'iyyu. A 1996 aka kawo akwati mai ganin ciki, aka fara amfani da kati mai hoto, aka ƙarfafa matsayin wakilan jam'iyyu a rumfa. A tsakanin nan ne kuma aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Joy FM da ta fara aiki a 1995, waɗanda daga baya suka riƙa tura wakilai rumfa-rumfa suna karanto sakamako ta waya. A 2012 aka ƙara da na'urar tantance yatsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka yi jayayya kafin a same shi.

Mu mutanen zango kuwa tarihinmu da ƙuri'a ya fi haka tsawo, ya kuma fi haka ɗaci. Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga iyalan Odoi Kwao, mutane daga arewacin ƙasar da ƙasashen maƙwabta suka riƙa sauka. Kafin samun 'yancin kai Musulmi sun kafa jam'iyyarsu a 1954, wadda take da ƙarfi a zangunan Ankara da Kumasi. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori biyu daga cikin jagororinta na Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Nijeriya, kuma a ƙarshen shekarar aka yi dokar da ta hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki. Wannan hani yana nan a tsarin mulkin 1992.

Sai kuma abin da tsofaffinmu ba sa ambata ba tare da sun yi ajiyar zuciya ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutum fiye da dubu 100 suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibi, ba su san wata ƙasa ba sai wannan. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, an raba mata da miji, an raba malami da almajiransa. Tun daga lokacin, tambayar nan ta ko kai ɗan ƙasa ne ta zama ciwo a zango, kuma takan taso duk lokacin da aka buɗe rajista, idan aka ji sunan mutum ko aka ga kamanninsa.

Don haka idan ka ga tsohuwa ta dogara sanda ta zo layi tun duhun asuba, katinta ƙulle a bakin zane, ka sani ba don ɗan takara kaɗai ta fito ba. Sashe na 42 na tsarin mulki ya ba duk ɗan ƙasa mai shekara 18 mai cikakken hankali 'yancin zaɓe, ita kuwa ta ga zamanin da zaman mutum a gidansa ma ba shi da tabbas. Tawadar da aka shafa mata a yatsa shaida ce cewa ƙasar nan da ita aka ƙidaya.

DARARE UKU DA BA A MANTAWA

Na farko shi ne na shekarar 2000. Zaɓen 7 ga Disamba ya faɗo cikin watan azumi, mutane suka wuni a layi da ƙishirwa, aka yi buɗa-baki a bakin rumfa ana tsakiyar ƙirga. Babu wanda ya haura rabin ƙuri'u kamar yadda doka ta shar'anta, sai aka koma zagaye na biyu ranar 28 ga wata, a cikin kwanakin ƙaramar sallah. John Agyekum Kufuor ya yi nasara da kusan kashi 57 cikin 100, Farfesa John Evans Atta Mills ya amince. Wannan ne karo na farko a tarihin Gana da mulki ya tashi daga jam'iyya mai ci ya koma hannun 'yan adawa ta hanyar akwati. Mu da muke yara a lokacin mun fi riƙe abu ɗaya: an rantsar da Alhaji Aliu Mahama, Allah ya jiƙansa, a matsayin Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa.

Na biyu, na 2008, dare ne da ya miƙe har kusan wata guda. An yi zaɓe ranar Lahadi 7 ga Disamba, ranar da alhazai suke tsaye a Arfa, washegari aka tashi da babbar sallah, ana fiɗar rago kunne yana kan rediyo. Nana Akufo-Addo ya sami kashi 49.13, Atta Mills kashi 47.92. Aka koma zagaye na biyu ranar 28 ga Disamba. Da aka tattara mazaɓu 229 cikin 230, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce ƙuri'a dubu 23 da 'yan kai ba, ga shi mazaɓar Tain ba ta sami yin zaɓe ba, kuma masu rajista a cikinta sun ninka wannan tazara. Afari-Gyan ya ƙi bayyana wanda ya ci sai Tain ta yi nata. A waɗannan kwanaki shaguna sun riƙa rufewa da wuri, jita-jita tana yawo, kowa yana tuna abin da ya faru a Kenya shekara guda kafin nan, inda rikicin bayan zaɓe ya ci rai fiye da dubu. Tain ta yi zaɓe ranar 2 ga Janairu 2009, washegari aka bayyana Mills da kashi 50.23. Tazarar ƙarshe ƙuri'a 40,586 ce, cikin ƙuri'u kimanin miliyan 9. Wato jama'ar da za su cika filin ƙwallon Ankara sau ɗaya su ne suka raba gardamar ƙasa baki ɗaya.

Akwai wani darasi a wannan zaɓe da ba a cika ambata ba. A zagaye na farko ƙuri'u fiye da dubu 200 aka soke saboda an dangwala ba daidai ba, ko tawada ta taɓa gida biyu wajen naɗe takarda. Adadin nan ya kai kusan ninki biyu na tazarar da ke tsakanin manyan 'yan takarar. Mutane ne da suka sha rana a layi, suka koma gida suna murna, alhali shaidarsu ba ta shiga lissafi ba.

Na uku shi ne na 2024. A karo na farko ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyu ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa, wato Dokta Mahamudu Bawumia, ya kara da tsohon shugaba John Dramani Mahama. Gidaje da yawa a zango sun rabu biyu, wa yana nan, ƙane yana can. An yi zaɓe ranar Asabar. Da safiyar Lahadi, tun hukumar zaɓe ba ta ce komai ba, Bawumia ya fito ya bayyana cewa alƙaluman da wakilansa suka tattara sun nuna abokin takararsa ya ci, kuma ya kira shi ya taya shi murna. Sai ranar Litinin hukuma ta tabbatar, Mahama yana da sama da kashi 56. Mutane da yawa da ba su zaɓe shi ba sun yaba masa a kan wannan, domin ya taƙaita wa ƙasa zaman ɗar-ɗar. Abin lura kuma shi ne, da me ya san ya faɗi? Da takardun nan da aka sa wa hannu a ƙarƙashin fitila, rumfa bayan rumfa, a gaban jama'a.

WAƊANDA SUKA ZAUNA GIDA

Idan aka gwada alƙaluman 2020 da na 2024 za a ga abin mamaki. Ƙuri'un da Mahama ya ƙara a kan nasa na baya ba su kai rabin miliyan ba, amma jam'iyya mai mulki ta rasa kusan miliyan 2. Akasarin waɗannan ba su koma ɗaya ɓangaren ba, gida suka zauna. Ashe zaman gida ma yana shiga lissafi, sai dai mai shi ba shi da iko a kan inda zai faɗa.

Mun san dalilan da ake bayarwa, kuma ba mu raina su ba. Tsadar rayuwa ta gallabi mutane, darajar sidi ta zube a 2022, alkawura sun yi yawa, cikawa ta yi kaɗan. Matashi ya ce wannan ya hau, wancan ya hau, babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi tana nan tana wari, aikin yi kuma babu. Amma mu tuna abin da aka samu ma ta ƙofar nan ya shigo. Hutun sallah ƙarama da babba ya shiga dokar ƙasa a tsakiyar shekarun 1990. A 2017 aka yi dokar asusun raya zanguna. Ko mutum ya gamsu da yadda aka tafiyar da asusun ko bai gamsu ba, ba a yi shi don kyawun fuskarmu ba. An yi shi ne domin 'yan siyasa sun ƙirga sun ga zango yana fitowa zaɓe. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan ɗaya ne cikin biyar na al'ummar ƙasar, amma ɗan siyasa ba ya duba littafin ƙidaya, takardar rumfa yake dubawa. Unguwar da aka san ba ta fitowa, ita ake fara mantawa idan ana rabon aiki.

Wasu kuma sukan ce mazaɓarmu an riga an san inda take zuwa, don haka ƙuri'a ɗaya ba ta ƙara komai. Gaskiya ne kujerar Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, ta daɗe a hannun jam'iyyar NDC, haka ma Ayawaso ta Arewa ta Maamobi tun da aka ƙirƙiro ta a 2012, duk da cewa gidan Akufo-Addo na NPP a Nima yake. Amma zaɓen shugaban ƙasa ba a ƙirga shi mazaɓa-mazaɓa, ƙuri'ar ƙasa duka ake haɗawa wuri ɗaya, ta Nima daidai take da ta Kumasi ko Tamale. Ko a zaɓen majalisa ma, ga Ablekuma ta Arewa nan kusa da mu: bayan an sake zaɓe a rumfuna 19 a watan Yuli 2025, ƙuri'a 209 ce ta raba. Gida goma na haya a Nima sun tara wannan adadi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai kuma zaɓen da kusan duk mun yi watsi da shi, wato na asambiliman da kwamitocin unguwa. A irinsa, kamar na Disamba 2023, kimanin mutum ɗaya cikin uku ne ke fitowa, kuma babu mai kwana a zaune dominsa. Alhali shara da kwata da bayan-gida na jama'a da fitilar lungu daga can ake fara maganarsu. Wanda ya tuna daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle aka rasa rai fiye da 150, ya san maganar magudanar ruwa ba ƙarama ba ce.

ƘURI'A SHAIDA CE

Mu da muka tashi a zauren limami mun saba jin tambayar nan duk shekarar zaɓe: Malam, shin ya halatta Musulmi ya shiga wannan sha'ani? Amsar da muka ji daga iyayenmu malamai ita ce, mai jefa ƙuri'a shaida yake bayarwa cewa a iyakar saninsa wane ya fi wane cancantar riƙe amanar jama'a, ko kuwa cutarwarsa ta fi sauƙi. Ƙarshen Suratul Baƙara ya yi hani ga ɓoye shaida, kuma kowa ya san matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai. Idan haka ne, wanda ya karɓi buhun shinkafa ko turmin atamfa ko 'yan sidi ya dangwala wa wanda zuciyarsa ta san bai cancanta ba, sai ya duba da kyau me ya sayar.

Neman ra'ayin jama'a a kan shugabanci kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Da aka soki Sayyidina Umar a ƙarshen shekara ta 23 bayan hijira, ya bar al'amarin a hannun sahabbai shida. Abdurrahman ɗan Aufu ya cire kansa daga nema, ya kwana uku yana zagaya Madina yana jin ta bakin mutane, barci kaɗan yake yi, har malaman tarihi suka ambaci cewa ya nemi ra'ayin mata a cikin gidajensu. Bayan sallar asuba ta rana ta ƙarshe aka yi wa Sayyidina Usman mubaya'a. Ba mu ce tsarin yau shi ne wancan ba, tsakaninsu akwai nisa. Abin da muke ɗauka shi ne, babban sahabi ya ga al'amarin ya kai a hana ido barci dominsa, kuma bai raina ra'ayin kowa ba.

LADABIN DAREN

Kamar yadda ranar take da haƙƙi, daren ma yana da nasa. Na farko shi ne tsare harshe da yatsa. A da jita-jita da ƙafa take tafiya, yau kuwa kafin jami'i ya gama ƙirga, sakamakon ƙarya ya zagaye WhatsApp da Facebook. Suratul Hujurati ta koya mana bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Abin da ka gani da idonka a rumfarku, faɗe shi. Abin da aka turo maka, riƙe shi har hukuma ko tashar da aka sani ta tabbatar.

Na biyu, idan an gama ƙirga a rumfa an karanta sakamako, aikin ɗan ƙasa ya ƙare, sauran na wakilai ne. Yawancin jinin da aka zubar a zaɓukanmu na baya-bayan nan bayan rufe rumfa aka zubar da shi. A 2020 an rasa rayuka a Techiman ta Kudu da Odododiodoo da Ablekuma ta Tsakiya. Rikicin wurin tattara sakamako ne ya bar mutanen Ablekuma ta Arewa wata da watanni ba su da wakili a majalisa bayan zaɓen 2024. Kuma mun sani, idan ana neman ƙarti da za a tura irin waɗannan wurare, ƙofar zango ake fara ƙwanƙwasawa. Bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso ta Yamma a Janairu 2019 an yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa, mai hukuncin ɗauri mai tsawo. Wanda ya aiko yaro yana gidansa a kwance, ɗan talaka ne zai kwana a kurkuku ko a makabarta. Wanda yake da ƙorafi, kotu tana nan: a 2013 ƙasa duka ta kalli shari'ar zaɓe a talabijin wata da watanni, ranar 29 ga Agusta Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, wanda ya sha kaye ya karɓa. Masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla, da suke da dangi a Lome da Abidjan, ba sa bukatar a gaya musu abin da ya biyo bayan zaɓen Togo na 2005 da na Kwaddibuwa na 2010. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku shi ne haƙƙin maƙwabci. A gidan haya na Nima famfo ɗaya ne, ƙofa ɗaya ce, kuma da asuba sahu ɗaya za a tsaya. Wanda nasa ya ci ya yi murna da kunya, kada ya kai ganga ƙofar ɗakin wanda nasa ya faɗi. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa babban limamin ƙasa a 1993, ya shafe shekaru yana wannan kira, kuma yana cikin manyan da 'yan takara biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a gabansu kwana uku kafin zaɓen 2020. Allah ya saka masa da alheri.

AIKIN DA KE KAN IYAYE

Zaɓe na gaba na shugaban ƙasa da majalisa zai zo a 2028, in Allah ya kai mu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida ya duba 'ya'yansa da ƙannensa, duk wanda ya kai 18 ya tabbata yana da katin ɗan ƙasa, ya kuma yi rajista da zarar an buɗe. A rajistar 2020 katin ɗan ƙasa ko fasfo aka karɓa, wanda ba shi da su sai masu rajista biyu sun tsaya masa, don haka tanadin takarda tun da wuri yana rage wulaƙanci. Idan aka kafe sunaye don dubawa, a je a duba. Wanda ya yi ƙaura ya nemi a mayar masa da ƙuri'arsa kusa. A zaunar da tsofaffi a nuna musu yadda ake dangwalawa a gida ɗaya, a goge yatsa, a naɗe takarda yadda tawada ba za ta taɓa wani wuri ba. A ba mata dama su fita da wuri, a karɓe musu yara da girki na awa biyu, kuma kada miji ya tilasta wa matarsa ra'ayinsa, domin shaidarta tata ce, ita za a tambaya. Matasanmu masu ilimi kuma su nemi aikin rumfa, ko wakilcin jam'iyya, ko sa ido tare da ƙungiyoyin masu lura da zaɓe irin su CODEO, domin gara ɗan zango ya zauna a kan tebur da biro da ya tsaya a bayan igiya da sanda.

Idan muka yi haka, ranar da aka sake ɗora butar ataya aka jawo talabijin waje, kowa a majalisar zai iya ɗaga yatsansa mai tawada, ya san cewa lambar da ake karantowa da tasa a ciki.

Allah ya zaɓa mana shugabanni masu tsoronsa masu tausayinmu, ya zaunar da ƙasarmu Gana da maƙwabtanta lafiya, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya.